Kafin a Ɗebi Jini, Kafin a Shuka Iri: Wa Ake Tambaya?

A watannin zafi na shekarar 1996 sanƙarau ya auka wa Arewacin Najeriya da wani irin ƙarfi da tsofaffin ma'aikatan asibiti har yau suke tunawa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu yara. Ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda. A Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ciki suna ba da magani kyauta.

Ana cikin wannan hali tawagar kamfanin Pfizer ta sauka daga Amurka ɗauke da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin bai sami izinin shiga kasuwa ba. Aka zaɓi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka riga aka sani, domin a kwatanta. Cikin 'yan makonni tawagar ta haɗa kayanta ta koma gida. Yara 11 suka rasu, biyar daga waɗanda aka ba Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki, wasu da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Adalci ne a faɗi cewa sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, yana nakasarwa, ko an yi gwaji ko ba a yi ba. Wannan ce hujjar Pfizer tun farko har ƙarshe: cutar ce ta yi ɓarnar, maganin ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki sun amince. Iyayen da suka kai ƙara kuwa cewa suka yi ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba wanda ya ce musu suna da damar su ƙi, ba wanda ya nuna musu cewa a cikin asibitin nan akwai inda ake ba da sanannen magani. Sai a ƙarshen shekarar 2000, da jaridar Washington Post ta tono maganar, duniya ta waiwayo. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006. Jihar Kano da gwamnatin tarayya suka shigar da ƙara a 2007. A 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta don a tabbatar su ne.

Wannan labari na kamfanin magani ne, amma duk wanda yake son ya yi maganar fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta a ƙasar Hausa daga nan zai fara, ko ya so ko ya ƙi. Masana'antar da take sauya irin shuka, take haɗa rigakafi, take tattara jinin mutane tana karanta abin da suka gada, ta zo ta tarar da mutanen da suka riga suka ga yadda ake yanke shawara a kansu ba sa nan.

Bashin da wasu suka biya

A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna. Jita-jita ta bazu cewa an gauraya ɗigon da abin hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, gwaje-gwaje ba su tabbatar da shi ba. Amma idan ka ce wa magidanci a Fagge ko Gwale ba a taɓa yi wa 'ya'yan talaka abu a ɓoye ba, zai ambata maka Asibitin Zana, kuma ba ka da amsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kano ta yi kusan shekara ba a yin rigakafin, sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi, bayan an kawo wanda aka yi a Indonesiya. Kafin nan ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, a ƙarshe kuma ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ba Trovan kaɗai ya jawo wannan ba, akwai siyasar cikin gida, akwai yaƙin Iraƙi da ya sa mutane suka ƙara zargin duk abin da ya fito daga Yamma. Sai dai yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su da hannu a ko ɗaya daga ciki.

Abin da ya gyara al'amarin kuwa ba sabon magani ba ne. An koma an zauna da mutane. Sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suka shiga aikin gadan-gadan daga 2009. Aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gida-gida suna magana da 'yan uwansu mata. Waɗanda shan inna ya nakasa suka fito da kekunansu suna cewa iyaye ku dube mu. Aka fara haɗa rigakafin da duba wasu cututtuka, saboda mutane sun daɗe suna tambaya: me ya sa ake bin mu har gida da wannan kyauta, amma in yaro yana zazzaɓi sai mun sayi magani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an daɗe ana yi mata kunnen uwar shegu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Annobar 1996 ɗin nan ta haifar da wani labari na daban, wanda ba a cika ba da shi ba. Bayan ta kashe kimanin mutum 25,000 a yankin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, ministocin lafiya na Afirka suka nemi a samo rigakafi mai ɗorewa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman. Kafin a shiga ɗakin gwaji, jagororin shirin suka zagaya suna tambayar jami'an lafiya na ƙasashen da abin ya shafa, ciki har da Nijar. Amsar da suka samu ta sauya komai: rigakafin da ƙasa ba za ta iya saye ba, ba shi da amfani, kuma kada kuɗin allura ɗaya ya wuce rabin dala. Manyan kamfanoni suka ga ba riba. Sai aka koma wa kamfanin Serum Institute na Indiya, aka ba shi fasahar, ya yi shi a kan wannan farashi. A watan Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Najeriya ta biyo baya a 2011. Cikin shekara biyar an yi wa fiye da mutum miliyan 200, kuma nau'in sanƙarau na A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa. Har ma an tabbatar da cewa allurar tana jure kwana huɗu ba firji a zafin da ya kai digiri 40, abin da duk ma'aikacin lafiya da ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara a bayan babur zuwa ƙauye ya san darajarsa.

Cuta ɗaya ce, yanki ɗaya ne. A ɗaya an zo da abin da aka riga aka yanke ana neman jikin da za a gwada. A ɗaya kuma an yi tambaya tun lokacin da amsar za ta iya sauya farashi da kamfani da yadda za a yi abin. A ganina ma'aunin ke nan, kuma da shi ya kamata a auna duk taron da aka kira na masu ruwa da tsaki: shin akwai abin da za a faɗa a zauren nan da zai sa a fasa ko a gyara? In babu, sanarwa aka zo yi.

Mutanen gari a kan kujerar alƙalanci

Masu cewa talaka ba zai fahimci kimiyya ba, saboda haka a bar wa masana, ya kamata su san cewa wannan gardama ta girmi masana'antar kanta. A farkon shekarun 1970 masana a Amurka suka gano yadda ake yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a wata. Su da kansu suka tsorata, suka dakata, suka taru a Asilomar da ke Kalifoniya a watan Fabrairun 1975 suka tsara wa kansu ƙa'idoji. Taro ne mai daraja, amma kusan duk masana ne, sai 'yan lauyoyi da 'yan jarida.

Shekara guda bayan haka Jami'ar Harvard ta so gina ɗakin irin wannan gwaji a birnin Cambridge na jihar Massachusetts. Magajin garin, Alfred Vellucci, ya ce bai yarda ba sai an yi wa mutanen gari bayani. Majalisar birni ta kira manyan farfesoshi ta yi musu tambayoyi a bainar jama'a, ta nemi a dakata, sannan aka kafa kwamiti na mazauna garin. A cikinsu akwai ma'aikaciyar jinya, akwai injiniya, akwai ɗan kasuwa mai sayar da man ɗumama gida, ba ko ɗaya da yake masanin wannan fanni. Suka yi watanni suna sauraron masu goyon baya da masu adawa, suka shiga ɗakunan gwaji suka gani da idonsu. Da yawa sun zaci hanawa za su yi. Sai suka ce a ci gaba, amma da ƙarin sharuɗɗa da kwamitin sa ido na birni. A watan Fabrairun 1977 wannan ya zama doka, irinta ta farko a Amurka. Bayan 'yan shekaru kamfanoni irin su Biogen suka zaɓi su kafa a Cambridge, kuma cikin dalilansu har da cewa a can an san ƙa'ida, an riga an yi gardamar an gama. Yau unguwar Kendall Square ta garin tana cikin manyan cibiyoyin wannan masana'anta a duniya.

Sa hannun wa?

Najeriya ba ta zauna haka ba bayan Kano. Akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, akwai kundin ƙa'idoji na 2007, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ƙarfin doka. Kundin ya ce kowane bincike a kan ɗan Adam sai kwamitin ɗa'a ya duba shi, a cikin kwamitin a sami wanda ba masanin kimiyya ba, a sami wanda ba ma'aikacin cibiyar ba, kuma ba a fitar da jini ko wani sashen jiki zuwa waje sai da yarjejeniya a rubuce. A takarda ba laifi.

Amma a dubi yadda abin yake kasancewa a ɗakin yara na asibitin gwamnati. Uwa ce zaune a bakin gado, kwana biyu ba ta runtsa ba, yaro yana suma yana farfaɗowa. Wani mai farar riga ya zo da takarda shafi huɗu, ya ce, “Mama, akwai wani taimako da za a yi wa yaronki, ki dangwala a nan.” Ta dubi takardar, ta dubi yaron. Maigidan ya tafi neman kuɗin magani. A tarbiyyar da ta taso da ita ba a yi wa likita musu, kuma tana tsoron in ta ce a'a a daina kula ta. Ta miƙa yatsa. A fayil an sami amincewa. A gaskiya ba a tambaye ta komai ba, domin ba ta san akwai wata amsa ban da to ba. Shi ya sa shawarar ba za ta fara daga bakin gado ba. Tun kafin a rubuta tsarin binciken ya kamata a ce iyaye irinta, a lokacin da hankalinsu yake kwance, sun zauna sun ce ga yadda za a yi mana bayani, ga wanda zai yi, ga abin da ba mu yarda da shi ba.

A nan kuma akwai wani kuskure da masu bincike suke yawan yi a ƙasarmu da kyakkyawar niyya. Sukan je fada su yi gaisuwa, hakimi ya sa albarka, dagaci ya tara masu unguwanni, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, sai su rubuta a rahoto cewa al'umma ta amince. Shiga gari ta ƙofar sarauta wajibi ne, wanda ya tsallake ta ba zai yi nisa ba. Amma izinin shiga gari daban, yardar mai jiki daban. Hasali ma albarkar fada takan zama nauyi: da wuya talaka ya ce a'a ga abin da aka ce Mai Martaba ya karɓa. Matan da suke cikin gida ba sa zuwa ƙofar fada. Makiyayin da yake ruga ba ya cikin lissafin mai unguwa. Almajiri ba shi da wanda zai sa masa hannu a kusa. Su ne kuma aka fi ɗiban jininsu.

Maganar jini tana da nata nauyin, domin jini ba ya ƙarewa ranar da aka ɗiba. Ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona a Amurka ta ba masu bincike na jami'a jininta daga 1990 saboda ciwon sukari da ya addabe ta. Daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da auren zumunci da asalin inda kakanninsu suka fito, abubuwan da ba su taɓa yarda da su ba. A 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jinin. Mutanen San na Afirka ta Kudu, da suka gaji da zama abin nazari, suka fitar da nasu kundin ƙa'idoji a 2017, wanda mai bincike zai bi kafin ya shigo musu. A Najeriya, kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 ya tashi da burin tattara bayanan halittar 'yan ƙasa 100,000, da hujja mai kyau cewa an bar 'yan Afirka a baya a irin wannan ilimi. A 2023 kamfanin ya durƙushe. Mutumin da ya ba da jininsa a wani asibiti yana da haƙƙin ya san a hannun wa samfurinsa zai faɗa idan kamfani ya mutu, kuma wannan magana ce da ake yi kafin a soka allura.

Sai kuma tambayar amfani. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi kowace shekara. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da yake gyara ƙwayar gadon mai sikila, kuma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Nasara ce ta ilimi, ba mai musu. Amma da a ce uwar masu sikila uku daga Katsina ko Maraɗi tana da kujera a inda ake zaɓar abin da za a sa kuɗin bincike a kai, da ta tambayi abin da jami'an lafiyar Sahel suka tambaya a kan allurar sanƙarau.

Waken Samaru

Ba a asibiti kaɗai abin yake ba, ya iso gona. Najeriya ce ta fi kowa noman wake da cinsa a duniya, Nijar tana biye da ita. Babbar abokiyar gabar manomin wake ita ce tsutsar maruka, wadda take shiga fure da kwanso ta cinye, a mummunar shekara ta tafi da kashi 80 cikin 100 na amfanin. Manomi yakan yi feshi sau shida, sau takwas, yawanci ba safar hannu ba takunkumi, yaro ne ma wani lokaci yake goye da tankin. Masu bincike sun daɗe suna neman irin wake mai jure tsutsar nan a cikin dubban iri ba su samu ba. Sai aka ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa, wadda take sa shuka ta yi wani sinadari mai kashe tsutsar, aka dasa a wake.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta jagoranci aikin a Najeriya ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF da hukumar bincike ta Ostireliya. Kamfanin Monsanto, wanda Bayer ya saye daga baya, shi ya ba da ƙwayar gadon ba tare da kuɗin haƙƙin mallaka ba. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu, NBMA, wadda aka kafa da dokar 2015, ta amince a farkon 2019, aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T a ƙarshen shekarar, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. Masu aikin sun ce feshi biyu ya isa. Ghana ma ta bi sahu da nata irin daga cibiyar bincike ta Nyankpala kusa da Tamale.

Ni ina ganin wannan aiki ya cancanci a saurare shi da zuciya ɗaya. Matsalar ta manomi ce ta gaske, masanan namu ne, an gwada a gonakin manoma, kuma wake iri ne da manomi zai iya ajiyewa ya sake shukawa. Rage feshi kaɗai ba ƙaramin alheri ba ne. Amma masu adawa, irin su ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, suna da tambayoyin da ba a kashe su da cewa jahilci ne: wa yake gwajin lafiyar abincin ban da masu son a amince da shi? Me zai faru da irin gargajiya in sun cakuɗa? In tsutsar ta saba da sinadarin fa? Da aka saki masarar TELA, wadda ita ma aka sauya ƙwayar gadonta, a 2024 gardamar ta ƙara zafi, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata da shigo da sababbin irin nan sai an yi bincike.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jin ra'ayin jama'a. Ƙa'ida ita ce idan an nemi izini, hukuma ta buga sanarwa a jarida, ta ajiye takardun a ofis, ta ba da kwana 21 ga mai ƙorafi. Takardun da Turancin masana aka rubuta su. Manomin Ɗanbatta ko Biu ba jarida yake karantawa ba, rediyo yake ji. Kwana 21 za su zo su wuce bai san an buɗe ƙofa ba balle ya san an rufe, sannan a ce ba a sami ƙorafi ba. Kuma manomi ba shi kaɗai ne mai ruwa da tsaki a wake ba. Mai ƙosai tana son ta san ko zai tashi in an buga, ko zai sha mai. Mai alala da mai ɗan wake suna da nasu ma'aunin. Mai kiwo harawa yake dubawa, domin a wurare da yawa kuɗin harawa yana gogayya da na ƙwayar. Ɗan kasuwar Dawanau yana tunanin masu saye daga ƙetare. Ita kuwa uwar gida da za ta sayi tiya ɗaya, an ce doka ta tanadi a yi wa irin wannan kaya alama, to a ina za a manna alamar a kan waken da aka juye a faifai ana awo? Wannan ba a warware shi a Abuja. Sai an zauna da shugabannin kasuwa da masu awo, su faɗi abin da zai yiwu.

Akwai kuma abin da sabon irin bai taɓa ba. Tsutsar gona yake kashewa, ba ƙwaron da yake huda wake a buhu ba. Maganin da ake barbaɗawa a rumbu da shago, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015, yana nan. Wajibi ne a gaya wa mutane wannan ƙarara, domin alkawarin da ya wuce gaskiya shi ne yake zama jita-jitar gobe.

Inda aka yi shawara, aka kuma rufe ƙofa

Kada a ɗauka cewa zama da mutane yana ba da tabbacin komai. Burkina Faso ta nuna haka. Shirin Target Malaria, wanda Kwalejin Imperial ta Landan take jagoranta da kuɗin gidauniyar Gates da wasu, yana neman sauya ƙwayar gadon sauro ta yadda masu yaɗa zazzaɓi za su ragu. A Burkina, masanan ƙasar ne a cibiyar bincike ta Bobo-Dioulasso, ƙarƙashin Farfesa Abdoulaye Diabaté, suke riƙe da aikin tun 2012. Sun yi shekaru suna zirga-zirga a ƙauyen Bana, suna zama da dattawa da mata da matasa, suna bayani da harshen Jula, har da wasan kwaikwayo. A watan Yulin 2019 suka saki mazan sauro kimanin 6,400 da aka mayar marasa haihuwa, da izinin hukuma da yardar ƙauyen. Namijin sauro ba ya cizo, kuma wannan gwaji ne kawai na koyon aiki.

Duk da haka ƙungiyoyin farar hula a Wagadugu suka ce su ba a tambaye su ba, kuma yardar ƙauye ɗaya ba ta isa ga abin da yake tashi sama ba. A watan Agustan 2025, kwanaki kaɗan bayan an yi saki na biyu, gwamnatin soja ta dakatar da shirin baki ɗaya a ƙasar, ta rufe ɗakunan gwajin. Siyasa ta shiga, zargin baƙi ya shiga, labaran ƙarya a intanet sun yi aikinsu. Ina jin zafin abin, domin zazzaɓin cizon sauro yana kashe ɗaruruwan dubban yaran Afirka kowace shekara, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne. Masanan Bobo-Dioulasso sun yi abin da ba a yi a Kano ba, sun yi shi da gaskiya, kuma an rufe musu ƙofa. Amma in har muna cewa mutane suna da damar su ce a'a, to sai mu yarda cewa wata rana za su faɗe ta a inda ba mu so, kuma hanyar da ta rage ita ce a koma a sake lallashi da hujja.

Masu adawar kuma sun taɓo wani abu na gaskiya. Inda shirin ya dosa shi ne sauron da zai riƙa gadar wa kusan duk zuriyarsa sauyin da aka yi masa, har ya mamaye jinsin. Ba a taɓa sakin irin wannan a ko'ina a duniya ba. In an sake shi, ba a tsara shi don ya tsaya a ƙauye ɗaya ko ƙasa ɗaya ba, kuma bincike a Mali ya nuna iska tana ɗaukar sauro ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi. Ke nan mutumin Tillaberi da na Dosso, da na Kabi da Sakkwato, suna cikin waɗanda abin zai shafa ko da ba a ƙasarsu aka buɗe akwatin ba. Tun kafin wannan rikici an fara ƙoƙarin haɗa hukumomin Afirka ta Yamma su tsara ƙa'ida ɗaya a kan irin wannan sauro, ƙarƙashin inuwar ECOWAS da hukumar raya ƙasashe ta Tarayyar Afirka. A watan Janairun 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ana ci gaba da aikin sauron a Ghana da Uganda, kuma ranar da wata ƙasa za ta ce ta shirya saki tana ƙaratowa, alhali zauren da Najeriya da Nijar za su zauna su faɗi nasu ra'ayin ya rabu biyu.